Darasin Kiwon Lafiya: Tuwonmu da Hawan Sukari Bayan Cin Abinci

Karatu: Daniyel 1:8-16, Karin Magana 25:16

An shirya wannan darasi domin a karanta shi a taron zumuntar mata, da na maza, da na matasa, a ikilisiyoyinmu na karkarar Bakori, Funtua, Kafur da Malumfashi. In da hali a sami mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, a riƙa tsayawa ana tattaunawa, gama yawancin waɗanda abin ya fi shafa dattawa ne da idonsu ba ya ɗaukar ƙananan rubutu.

A dā ana kiran ciwon sukari ciwon masu kuɗi da mutanen birni. Yau ya shigo ƙauye ya zauna. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya kimanin miliyan 3.6 ne suke da shi a Nijeriya, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna da shi ba. Wanda aka gwada a asibiti aka gaya masa, tambayarsa ta farko ita ce, "To, yanzu me zan ci?" Kafin ya isa gida ya riga ya sha shawara iri-iri. Wani ya ce ya rabu da tuwo har abada. Wani ya ce daga yau sai alkama da acca. Wani ya ce wake safe, wake rana, wake dare. Manomin da rumbunsa cike yake da masara da dawa, ina zai sami kuɗin sayen alkama kullum? Yakan daure mako biyu ko uku, sa'an nan ya koma wa tuwonsa kamar yadda ya saba, ya ji kunyar komawa wurin likita, ya daina zuwa. Daga nan sai labarin ido ya dushe ko ƙafa ta ruɓe.

Wannan darasi bai ce kowa ya bar tuwo ba. Abin da za mu koya shi ne yadda za a ci shi ba tare da sukari ya yi mummunan tashi a jini ba.

Yadda tuwo yake zama sukari

Mutane da yawa suna cewa, "Ni ba na shan sukari, yaya aka yi na kamu?" Ga gwaji mai sauƙi da za a iya yi nan a wurin taro. A ba kowa ɗan gutsuren burodi ko lomar tuwo ba miya, ya tauna, ya riƙe a baki kada ya haɗiye. Bayan ɗan lokaci zai fara jin zaƙi-zaƙi. Miyau ne ya fara farfasa sitacin da ke ciki yana mai da shi sukari. Abin da ya fara a baki shi ne hanji yake ƙarasawa. Masara, dawa, gero, shinkafa, alkama, rogo, dankali, doya da gwaza, dukansu sitaci ne, kuma dukansu sukari suke zama a ciki.

Mu duba yawansa. Dukan jinin da ke jikin babban mutum mai lafiya, kafin ya karya kumallo, sukarin da ke cikinsa bai wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Garin masara kuwa gram 100, wato kusan cikin ƙaramin gwangwanin madara, yana ɗauke da sitaci fiye da gram 70. In ya narke a ciki, daidai yake da ƙaramin cokali 17 na sukari. Yanzu kowace uwar gida ta tuna gwangwani nawa na gari ke shiga malmalar da take zuba wa maigida da dare.

Allah ya shirya wa jiki hanyar karɓar wannan kaya. Akwai wani ɗan sashe a bayan tumbi, likitoci suna kiransa fankiriyas, shi ke fitar da wani ruwa mai suna insulin. Aikin insulin shi ne ya buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka da hanta, a yi aiki da shi ko a ajiye. A jikin mai lafiya sukari yakan ɗan tashi bayan cin abinci, cikin awa biyu ko uku ya koma mazauninsa. A jikin mai ciwon sukari kuwa, ko insulin ɗin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa. Sai sukarin ya taru a jini kamar ruwan sama a kwarin da ba shi da mafita. In ya wuce misalin 180 a na'urar gwaji, ƙoda takan fara zubar da shi cikin fitsari. Dalilin ke nan da mai ciwon yake yawan fitsari da ƙishirwa, kuma dalilin ke nan da kiyashi yake taruwa inda ya tsuguna. Masu maganin ƙasar Indiya na zamanin dā sun lura da wannan taruwar ƙwari, har suka sa wa ciwon suna mai ma'anar fitsarin zuma.

Wannan tashin na bayan cin abinci ba ya ciwo, shi ya sa ake raina shi. Iyakarta mutum ya ji nauyin jiki da gyangyaɗi da bushewar maƙogwaro. Amma in yana faruwa sau uku a rana shekara da shekaru, a hankali yake cin ƙananan jijiyoyin jini na ido da ƙoda da ƙafa, yana kuma share hanya ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Tuwon ya canza, aikin ma ya canza

Dattawa za su ce, "Kakanninmu tuwo suka ci har suka tsufa, ba su san wannan ciwo ba." Akwai gaskiya a maganar, ko da yake a lokacin ba a gwaji, kuma mutane da yawa ba su kai shekarun da ciwon ya fi kamawa ba. Amma mu tambayi kanmu: tuwon da suka ci shi ne wanda muke ci?

Waɗanda suka manyanta sun tuna lokacin da dawa da gero ne abincin gida a wannan yanki, masara kuwa 'yar bayan gida ce da ake gasawa da damina. A shekarar 1975 aka buɗe shirin aikin gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, wanda ya haɗa har da ƙasar Bakori da Malumfashi. Ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara, cikin 'yan shekaru masara ta mamaye gonaki. Mun gode wa Allah, gama ta cika rumbuna, ta biya kuɗin makaranta, ta sa kwano a kan ɗakuna da majami'u. Sai dai ta zo tare da injin surfe da injin niƙa. Yanzu ana surfe masara a cire dusar a ba dabbobi, a wanke, a niƙa ta yi laushi kamar hoda, a tankaɗe. Tuwon ya fito fari tas, gwanin sha'awa. Amma dusar nan da muka ba awaki ita ce take rage saurin narkewar tuwo a ciki. Iyakar laushin gari da farinsa, iyakar saurin zamansa sukari a jini. Ga shinkafa 'yar gwamnati da taliya da burodi sun ƙaru a kan haka. Tafiyar ƙasa zuwa kasuwa ta koma kan babur, daka da niƙa a dutse sun koma inji, noman fartanya ya ragu saboda maganin feshi.

Ba mu kaɗai ba ne. Mutanen Indiya sun riga mu shiga wannan hali. Abincinsu na kullum farar shinkafa ce tuli guda, ko gurasar alkama da suke kira capati, da ɗan romon wake a gefe. Wani babban bincike da hukumar binciken lafiya ta ƙasar ta fitar a 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 101 ne suke da ciwon sukari a can. Wani binciken kuma na 2020, wanda ya bi mutum fiye da dubu 130 a ƙasashe 21, ya nuna masu cin farar shinkafa da yawa sun fi kamuwa, kuma abin ya fi tsanani a yankin Indiya da maƙwabtanta. Abin da ya kamata ya ba mu tunani shi ne inda suka juya neman mafita: gero da dawa, abincin da kakanninsu suka ci suka bari. Indiya ce ta kai shawara Majalisar Ɗinkin Duniya har aka ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Abin da suke nema da kuɗi, mu yana bayan ɗakinmu, har wasunmu suna jin kunyar ba baƙo tuwon dawa don ba shi da fari.

Saboda haka wanda yake da zaɓi, tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi sosai ba ya fi farin tuwon masara da tuwon shinkafa. Mai masara kaɗai ya niƙa ta da dusarta, ko ya haɗa ta da dawa. Gari mai ɗan tsaki-tsaki ya fi mai laushi. Alkama kuwa ba magani ba ce. In an niƙa ta da ɓawonta tana da amfani kamar dawa, amma wanda ya cinye malmala uku ta tuwon alkama sukarinsa zai tashi kamar na kowa. Haka acca. Kada kowa ya sayar da akuyarsa don sayen su.

Yawan da ake ci

A nan ne babbar magana take, kuma a nan ne ta fi wuya. Irin hatsi yana da tasiri, amma yawansa ya fi tasiri nesa ba kusa ba. Ma'aunin da ma'aikatan lafiya suke koyarwa ba ya bukatar sikeli: tuwo ko shinkafa ko rogo a zama ɗaya ya zama kamar girman dunƙulen hannun mai cin. In a faranti ne, a raba shi huɗu a ido: kashi ɗaya tuwo, kashi ɗaya wake ko kifi ko ƙwai ko nama ko awara, kashi biyu ganye da miya.

Mun san manomi zai yi dariya ya ce wannan abincin yaye ne. Kada a yi tsalle ɗaya. Mai cin malmala uku ya koma biyu na mako biyu, sa'an nan ɗaya da rabi, yana cike gurbin da miya da wake. Ciki yakan saba. Ranar da aka wuni ana huɗa ko girbi, jiki yana ƙona abin da aka ci, ana iya ƙarawa. Da rani kuwa, lokacin da aiki ya ƙare ana zaman inuwa, sai a rage. Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne cin tuwon damina da rani.

Wata matsala ita ce cin abinci a kwano ɗaya. Al'ada ce mai kyau, tana haɗa kan gida, amma mai cin tarayya ba ya sanin iyakar abin da ya ci, hannu kawai yake kaiwa har kwano ya ƙare. Mai ciwon sukari a zuba masa nasa a ƙaramin kwano, ya zauna tare da sauran a tabarma ɗaya. Wannan ba wariya ba ce, kada kuma a mai da shi abin tsokana.

Sai kuma lokacin ci. Da yawa cikinmu ɗan koko ne da safe, rana a wuce da rake ko rogo, dare ya yi a zauna a rama duka. Jikin da insulin ɗinsa ya raunana ba ya iya ɗaukar kaya mai nauyi a tashi ɗaya. Abincin nan guda, in an raba shi uku a wuni, ɓarnarsa ba ta kai wadda yake yi in an haɗa shi a dare ɗaya ba. Iyaye mata, ku ne masu riƙe da mara da muciya. Ƙauna ce take sa ku cika wa maigida kwano, mun sani. In yana da wannan ciwo, ku nuna ƙaunar a tukunyar miya.

Miya a gaba, tuwo a baya

Ganye da wake da mai kaɗan suna sa abinci ya daɗe a tumbi kafin ya wuce hanji, sai sukari ya riƙa shiga jini kaɗan-kaɗan. Wasu likitoci a birnin Niyok na Amurka sun gwada wannan a 2015. Sun ba masu ciwon sukari abinci iri ɗaya a ranaku biyu. Rana ɗaya suka fara da burodi da lemo, wata ranar suka fara da ganye da nama, sitacin ya biyo baya. Ranar da ganye ya riga shiga, sukarin bai yi tashin da ya yi a ɗaya ranar ba. Abinci ɗaya, yawa ɗaya, jerin ci kawai aka sauya.

Wannan abu ne da ba ya cin ko kwabo. Kafin a taɓa tuwo a fara da kwaɗon zogale ko na rama ko na tafasa da ƙuli-ƙuli, ko yankakken kabeji da tumatir, ko gauta biyu, ko 'yan cokula na dafaffen wake. Miyar kuka, kuɓewa, karkashi, yakuwa, alayyafo da taushe, a zuba su da yawa, su yi kauri da ganye, tuwo ya zama shi ne ɗan rakiya. Miya mai yauƙi tana da amfani na musamman wajen rage saurin narkewar sitaci. A dai kula da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, gama hawan jini abokin tafiyar ciwon sukari ne. Daddawa ta wadatar.

Shinkafa da wake ta fi shinkafa zalla, musamman in waken ya kai rabi. Alale da ƙosai sun fi burodi da safe. Dambu mai yawan zogale ya fi taliya. Ɗanwake kuwa a yi hankali da shi, sunansa ne na wake, amma sau da yawa garin rogo ko fulawa ne ya fi yawa a ciki. Garin kwaki da sukari yana cikin masu saurin tayar da sukari.

Ga kuma wani abu game da ɗumame. Tuwo ko shinkafa in sun huce sun kwana, wani ɓangare na sitacinsu yakan taurare ya ƙi narkewa da sauri, ko da an sake ɗumamawa. Ragin kaɗan ne, bai isa a ce a ƙara malmala ba, amma ya isa mai cin ɗumame da miya da safe ya san ya fi mai shan shayi da burodi dabara. A ɗumama shi ya yi zafi har ciki saboda ciwon ciki.

Abin da ake sha

Abin sha ya fi abin taunawa saurin shiga jini, ba ya kuma ƙosarwa. Kwalbar lemo ƙarama ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara. Lemon malt da muke kai wa marasa lafiya a asibiti da sunan ƙarin jini, shi ma cike yake da sukari. Wanda za shi dubiyar mai ciwon sukari ya kai ƙwai ko kifi ko gyaɗa.

Koko da kunu ko ba a sa musu sukari ba gari ne mai laushi da aka dama, suna wucewa da sauri. A sha kofi ɗaya, ba sukari, tare da ƙosai ko gyaɗa. Fura a dama kaɗan a nono mai yawa, kada a sa sukari. Zoɓo da shayi ma haka. Rake, wanda Allah ya albarkaci ƙasar Danja da fadamunmu da shi, ruwan sukari ne tsantsa, haka mazarƙwaila da alewa. Masu cewa sun bar sukari sun koma zuma ko dabino, su sani a jini duk ɗaya ne. Ayar da muka karanta a Karin Magana ba ta kushe zuma ba, iyaka ta sa mata. Lokacin mangwaro a ci ƙarami ɗaya bayan abinci, kada a zauna gindin bishiya da kwando. Gwaiba da lemon ɓawo a ci su da tsokarsu, ya fi a matse ruwan a sha.

Inda muka fi faɗuwa shi ne wajen biki: Kirsimeti, Ista, godiyar kaka, ɗaurin aure, taron gunduma. Shinkafa tuli, lemo a hannun kowa, in ka ƙi a ce ka raina masu gida. Muna roƙon kwamitocin abinci su riƙa ajiye ruwan sha mai tsabta da zoɓo marar sukari da kwanon ganye, su kuma daina matsa wa wanda ya ce ya ƙoshi. Ɗan abin da ake karɓa a Jibin Ubangiji kuwa bai kai ya cutar ba, kada kowa ya ƙaurace wa teburin saboda tsoro.

Bayan an wanke hannu

Al'adarmu ce a ci tuwon dare a miƙe a tabarma, daga nan sai barci. Wannan shi ne lokacin da sukari ya fi samun sarari. Tsoka in tana motsi tana jan sukari daga jini ko da insulin ya yi kaɗan, manyan tsokoki kuwa a cinya da ƙafa suke. A ƙasar Niyuzilan an yi gwaji a 2016: masu ciwon sukari suka yi tafiyar minti 30 a duk lokacin da suka ga dama, daga baya suka koma tafiyar minti 10 bayan kowane abinci. Jimillar tafiyar ɗaya ce, amma ta bayan abinci ta fi sauke sukari, kuma bambancin ya fi fitowa bayan abincin dare.

Don haka a ci tuwon dare da wuri, kafin duhu in zai yiwu, sa'an nan a tashi a taka na minti 10 zuwa 15. A je gai da maƙwabci, a duba dabbobi, a taka zuwa addu'ar yamma. A garuruwan da fita da dare ba ta yiwuwa saboda halin tsaro, zagaya tsakar gida ya wadatar, ko shara, ko wanke-wanke a tsaye. Tsohon da gwiwa ta hana shi tafiya ya zauna a kujera ya riƙa tashi yana zama, ko ya riƙa ɗaga dugadugansa. A sa takalmi, gama mai ciwon sukari yakan taka ƙaya bai ji ba.

Wannan ba na masu ciwon kaɗai ba ne. A birnin Cennai na Indiya an bi mutum 531 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka fitar da sakamakon a 2006. Waɗanda aka koya wa gyaran abinci da tafiyar ƙasa, kamuwarsu ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ciwon, ko mai tumbi, ko macen da ta taɓa haihuwar jariri mai nauyin kilo huɗu ko fiye, maganar nan tasa ce tun yau.

Magani, gona da azumi

Gyaran abinci ba ya maye gurbin maganin asibiti. Shuwaka, garahuni, ganyen mangwaro da sauran jiƙe-jiƙe masu ɗaci ba sa warkar da ciwon sukari, ɗaci a baki ba ya kashe zaƙi a jini. Zogale abinci ne mai kyau, a ci shi a matsayin abinci. Yaro ko matashin da likita ya ɗora a kan allurar insulin, ransa a kanta yake, kada a tsayar da ita ko na kwana ɗaya, ko wane ne ya ce an warke. Muna addu'a, muna kuma shan magani, biyun ba sa faɗa da juna.

Akwai haɗari ta ɗaya gefen da dole a sani. Mai shan ƙwayar glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, ko mai allurar insulin, in ya rage abinci, ko ya tsallake shi, ko ya yi aikin gona mai tsanani, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70. Alamun su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa mai tsanani, jiri, bugun zuciya da rikicewar magana. Wasu sukan ɗauka maye ne ko aljanu. A ba shi ƙaramin cokali uku ko huɗu na sukari a ruwa, ko rabin kwalbar lemo, nan take. Bayan minti 15 in bai dawo daidai ba a sake, in ya dawo ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Duk mai irin wannan magani ya riƙa tafiya gona da ƙullin sukari a aljihu, abokan aikinsa kuma su san dalili. Burkutu da sauran giya suna ƙara wannan haɗari. Ƙwayar metformin ita kaɗai ba ta cika jawo faɗuwar ba, ana shanta ne tare da abinci don kada ta dami ciki.

Saboda haka kafin mai shan magani ya rage tuwonsa sosai, ya gaya wa ma'aikacin lafiyar da ke duba shi, mai yiwuwa a rage masa ƙwaya. Haka in ikilisiya ta sa azumi. Fastoci da dattawa su faɗa daga bagade cewa mai ciwon sukari da ke kan magani, da mai ciki, ba su yi zunubi ba in sun ci abinci. Mai ciwon ƙoda kuma ya nemi shawara kafin ya ƙara wake da ganye.

Gwajin kwana goma

Daniyel bai ƙi abincin sarki saboda ciwon sukari ba, dalilinsa na bangaskiya ne, kada mu sa wa Nassi abin da bai faɗa ba. Amma dubi yadda ya bi da mai lura da su. Bai tsaya gardama ba, ya nemi a gwada su kwana goma da ganye da ruwa, sa'an nan a duba a gani. Mu ma haka za mu yi, gama jikin kowa da yadda yake karɓar abinci.

Wanda bai taɓa gwaji ba, in ya kai shekara 40 ko yana da alamun da muka ambata, ko yana ramewa ba dalili, ko miki ya ƙi warkewa, ya je asibiti da safe kafin ya ci komai. In na'ura ta nuna 126 ko fiye, aka maimaita wata rana ta sake nunawa, ciwon sukari ne. Wasu na'urori da ƙananan lambobi suke ƙirga: 7 a wurinsu shi ne 126, 10 kuma shi ne 180. Wanda ya riga ya san yana da ciwon, abin da ake so shi ne awa biyu daga fara cin abinci lambar ta kasance ƙasa da 180.

Ga yadda za a yi. A rana ta farko a ci tuwon dare kamar kullum, a duba agogo, bayan awa biyu a gwada, a rubuta lambar da abin da aka ci a littafi. Daga nan a yi kwana goma ana rage malmala, ana fara ci da ganye, ana barin lemo da sukari, ana takawa bayan ci. A rana ta goma a sake gwadawa a daidai wannan lokaci. Takardun gwajin suna da tsada, shi ya sa muka ce sau biyu kawai. Ikilisiyar da ke da ma'aikacin lafiya a cikinta tana iya haɗa kuɗi ta sayi na'ura ɗaya ya riƙe, da sharaɗin kowa da sabuwar allurarsa, ba a maimaita ta ga mutum biyu saboda ciwon hanta da sauran cututtukan jini.

A tafi da littafin ranar ganin likita a babban asibitin Funtua ko na Malumfashi, ko asibitin da ya fi kusa. Wanda lambarsa ta wuce 300, ko yana amai da ƙishirwa mai tsanani da magagi, ko ya ga miki ko baƙi a yatsan ƙafa, kada ya jira kwana goma, a kai shi a ranar.